Siririn Rubutun Umma

Da likita ya ce a liƙa takardu a ƙofofin gidan, Auta ya ɗauka abin mai sauƙi ne, tunda sana'arsa ke nan. A shagon buga katin biki yake aiki, shi ke zama gaban kwamfuta yana tsara haruffa. Mahaifiyarsa ce ciwon mantuwa ya kama. Takan tashi za ta banɗaki ta ɓuge a ɗakin girki, ta tsaya tana kallon tukwane kamar baƙuwa.

Ya bugo takardun da manyan baƙaƙe masu kauri ya liƙa. Kafin ya dawo daga aiki ta ɓalle su duka.

"Gidana ne ko asibiti?" in ji Umma. "Wa ya isa ya kafa mini doka a bangona?"

Yayarsa, wadda ke leƙowa daga gidan mijinta, ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Ka san halin kayanka. Tun muna yara maganar wa take ji in ba tata ba?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Umma tsohuwar malamar makaranta ce, kuma babu hoton da ba ta yi rubutu a bayansa ba. Ya zazzage gwangwanin hotunan. Rubutun siriri ne kamar an shimfiɗa zare, ya ɗan jingina dama, kowane harafi riƙe da hannun ɗan'uwansa. Ya kwashe rubutun a na'ura, ya rinƙa yanko haruffan ɗaya bayan ɗaya yana gyara wutsiyoyinsu don su haɗu. Harafin "a" kaɗai sai da ya yi masa siffa daban-daban, don kada ta gane aikin inji ne. Sannan ya rubuta da bakinta: Banɗaki nan ne. Na riga na sha magani. Kada in kunna gas sai Auta ya dawo.

Ta daɗe tsaye gaban ƙofar ɗakin girki.

"Yaushe na rubuta wannan?" Ta shafa takardar. "Kai, ashe hannun nan da sauransa."

Ta bi abin da ta karanta, har aka samu barci a gidan. Mai shago ma da ya hango rubutun a kwamfuta sai ya ce, "Wannan ai na amare ne!" Auta bai iya musa masa ba. Kafin a jima rubutun ya hau katunan biki da kwalaben turare, masu ciniki suna cewa a yi musu da siririn nan.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Umma gani. Siririn rubutu sai an matso ake ganinsa, ita kuwa ta daina matsowa. Wata rana da hantsi maƙwabciya ta ji warin gas ta faɗo gidan, ta same ta zaune da ashana a cinya.

Auta ya ƙara wa haruffan kauri. Umma ta kalla ta taɓe baki.

"Wannan hannun namiji ne. Dubi yadda ya danne alƙalami kamar mai haƙa rijiya. Cire mini."

Ya mayar da su sirara ya ƙara musu girma har takardar ta cinye rabin ƙofa. Ta wuce ta gabanta kamar labule. In siriri ne ba ta gani, in ta gani ba ta yarda.

"Gaba kura baya siyaki," in ji Yaya. "Auta, bar wahalar da kanka. Ba idon ba ne kaɗai."

Gaskiya ta faɗa. Da maƙwabciyar ta kawo katin bikin 'yarta, wanda aka buga da rubutun, Umma ta riƙe shi kai a ƙasa, ta shiga kaɗe shi da gefen mayafi.

"Tururuwa ta hau muku takarda," ta ce.

Aka fitar da tukunyar gas, aka sa kwaɗo a ƙofar gida. Yaya ta ɗauki rana, Auta ya ɗauki abin da ya saura.

Ana nan mai shago ya ce masu ciniki na ƙorafi: rubutun ba shi da cikakkun lambobi, sai an aro na wani a sa kwanan wata. "Je ka lallaɓa tsohuwa ta rubuto mana mana."

Auta ya ɓoye masa halin da take ciki. Ya zo gida ya ɗora mata takarda a kan faranti, ya sa mata alƙalami tsakanin yatsu.

"Umma, rubuta mini bakwai."

Ta jujjuya alƙalamin, ta sansana shi. Sai ta tsoma shi a kofin shayinta ta fara gaurayawa.

"Bawan Allah," ta ce, "in ka gama ka tafi. Ɗana ya kusa dawowa, ba ya son baƙi."

Ya karɓi alƙalamin ya goge da rigarsa. Washegari ya zana lambobin da hannunsa. Shi ya san sun fi nata nauyi, sun kuma miƙe tsaye kamar sojoji, amma mai shago ya ce sun yi, kuma babu mai cinikin da ya taɓa dawo da kati.