Furen Kuɓewa a Allon Amatullah

Malam Sabiru na Sandamu ba mugun mutum ba ne, amma bakinsa yana riga hannunsa, kuma wannan hali ne mai ɓata mutum. Duk aikin da ya ga wani ya yi, sai ya ce, "Ai wannan ba wani abu ba ne." Ya faɗi haka a kan gyaran rediyo, rediyon bai sake magana ba. Ya faɗi haka a kan ɗinki, matarsa Barakatu ta yi Sallah da tsohon zane. Bai ɗauki darasi ba.

A shekarun da aka fara aiki da Shari'a a jihar nan, autarsa Amatullah ta kusa sauke Alƙur'ani. Mai sauka kuwa da allon zayyana ake fitar da shi, allo mai ado da launi, a rubuta ayoyi a tsakiya, ya riƙe ya karanta a gaban jama'a. Tsohon da yake yi wa garin zayyana idonsa ya mutu. Da aka ta da maganar a majalisa bayan la'asar, yayan Sabiru, Malam Lawal, wanda yake cikin kwamitin wa'azi na gari, ya ce a kai allon Daura.

"Daura a kan zayyana, Yaya?" in ji Sabiru. "Ni zan yi. Kuma ba irin ta da mai layi-layi ba, furanni zan zuba mata."

Lawal ya dube shi yadda yake duban wanda ya makara a sahu. "Fure ya halatta. Amma ka ji ni a gaban mutanen nan: in na ga abu mai ido a allon nan, ba zai shiga taron sauka ba. Yarinyar za ta fito da allonta na kullum, mai baƙin gefe."

Amatullah ta ji labari kafin magariba. Ranar ba ta ci tuwo ba. Ƙawayenta da suka riga ta sauka duk da allo mai ado suka fita.

Sabiru ya hau mota ya je Daura. A wani kantin littattafai ya ga gwangwani mai faɗi, an jera launuka a ciki kamar alewa, da siririn buroshi a gefe. Mai kanti ya ce fentin ruwa ne na 'yan makaranta. Da aka tambaye shi yadda ake aiki da shi, ya ce shi sayarwa kawai yake yi. Bayanin da ke bayan gwangwanin kuma da rubutun Sin ne. Sabiru ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce ya gane.

Bai gane ba. Abin da ya sani shi ne tawada, kuma a wurin malami tawada mai ruwa-ruwa abin kunya ce. Saboda haka ya ɓamɓaro launukan da wuƙa, ya daka, ya sa ƙaro, ya ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan kamar mai tsoron kada rijiya ta ƙafe, har suka yi kauri kamar kunun kanwa da ya kwana. Buroshin kuwa ya ce wasan yara ne, ya soke shi a jikin azara, ya fiƙe alƙalamin kara.

A bayan gida Barakatu tana da 'yar gonar kuɓewa, kuma lokacin tana fure. Can ya kai tabarma. Furen kuɓewa rawaya ne mai laushi, da jan duhu a cikinsa. Sabiru ya zagaye shi da baƙin layi a takardar buhun siminti, ya cika da rawaya, ya ɗiga ja a tsakiya, ya kira matarsa.

"Mene ne wannan?"

Barakatu ta sunkuya ta duba. "Ƙosai ne, Malam. Wanda aka sa wa yaji."

"Ke ba ki san zane ba."

"Na san ƙosai."

Ya sake. Ya yi ta sakewa har takardun siminti suka ƙare, ya koma bayan kalanda. Da ya ga guda ɗaya ba ya fitowa, sai ya ce a haɗa biyu gefe da gefe, a sa ɗan ganye mai tsini a tsakaninsu. Wannan ya yi masa kyau ƙwarai, har ya ɗauka ya kai wa Lawal.

Lawal ya riƙe takardar nesa da fuskarsa. "Mujiya ce."

"Fure ne, Yaya. Biyu."

"Ga idanu, ga baki. Tana kallona, ina kallonta. Sabiru, har na ji kamar za ta yi kuka."

Duk wanda ke majalisar ya karɓa ya duba, kuma babu wanda ya ga kuɓewa. Mutumin kirki a nan zai ce na kasa, ya kai allo Daura tun da sauran lokaci. Sabiru ya ce laifin takarda ne, a kan itace abin zai zauna.

Ranar Alhamis, sauka kuma Asabar, ya goge sabon allon da farar ƙasa, ya zana furanninsa a sama da gefe, ya bar tsakiya fili domin ayoyin da zai rubuta daga baya. Da ya gama ya ja da baya. Mujiyoyi ne, wannan karon har da 'ya'yansu. Aka kira azahar, ya jingine allon a bayan ƙofar zaure don ya bushe, ya tafi masallaci yana neman abin da zai faɗa wa 'yarsa.

Ya manta abu ɗaya. Mahaifiyarsu Inna Kande tana fama da ciwon gwiwa, kuma duk Alhamis a daidai wannan wuri yake jingine mata allon rubutun sha, ta zo ta ɗauka ta wanke a ƙwarya ta sha. Idonta ya yi rauni, allo kuwa allo ne.

Da ya dawo ya tarar da Barakatu tsaye da kwalbar manja da cokali, Amatullah riƙe da ƙwaryar nono, Inna kuma zaune a turmi ta rufe baki gam.

"Malam, zo ka ga aikinka. Inna, don Allah nuna masa."

Inna ta fito da harshe. Rawaya ne har ƙarshensa, leɓɓan kuma jajur kamar na amarya.

"Inna, me kika sha?"

"Rubutuna mana. Me zan sha? Wannan mata tana bina da manja wai na sha guba. In sha manja ya karya mini ƙarfin rubutu?" Ta shafa gwiwa. "Kai, na yau ya fi na kullum. Ina sha na ji ya sauka. Da na ga ruwan ya canza kama na ce wannan mai ƙarfi ne, sai na wanke rabi na bar rabi na gobe. Dama kana da irin wannan kake ba ni baƙi duk shekarun nan?"

"Inna, ba rubutu ba ne. Ko harafi ɗaya babu. Fenti ne."

"Fenti?"

"Na yara. Zanen allon Amatullah ne."

Tsohuwa ta karɓi ƙwaryar nono ta shanye, ta miƙa hannu aka ba ta manja, ta ce, "Ubanka bai taɓa shayar da ni fenti ba, duk da halinsa."

Amatullah ce ta ɗauko allon, tana shirin kuka. Sai ta tsaya. "Baba, duba."

Gefen da Inna ba ta taɓa ba, mujiya na nan tana harara. Amma gefen da ta shafa da jiƙaƙƙen hannu, baƙin layin ya tafi, rawayar ta yi sirara har hasken farar ƙasa yana fitowa ta cikinta, jan tsakiya kuma ya nashe ya ratsa rawayar a hankali. Sabiru ya ɗauki allon ya zagaya bayan gida, ya riƙe shi kusa da kuɓewar Barakatu. Ya daɗe a tsaye. Sunan abin fentin ruwa, mai kanti ya faɗa masa, shi kuma ya yi ta yi masa rowar ruwa.

Ya zaro buroshin daga azara, ya hure ƙura, ya cika kofi da ruwa. Na farko ya yi yawa, ya gangaro har ƙasan allo. Na biyu ya yi dama-dama. Inna ta jawo kujera ta zauna a kansa, ba don ta san zane ba, sai don tana jin haushi.

"Ƙara ruwa. Ni da hannu na yi ya fi wannan. Bar nan, ka taɓa za ka ɓata."

Bai yi musu ba. Wannan ne karo na farko da aka ga Sabiru yana aiki bakinsa a rufe. Washegari, da itacen ya bushe sarai, ya rubuta ayoyin da tawada mai kyau, don rubutu kam ya iya.

Lawal ya zo dubawa bayan Juma'a. Ya riƙe allon nesa, ya matso da shi kusa, ya karkata kai yana neman ido. Amatullah tana leƙe ta bayan ƙofa.

"Kuɓewa ce," in ji shi. "Wannan na ƙasa ya yi kamar akuya ta tauna shi, amma kuɓewa ce. Ya shiga."

Sabiru ya gyara hula. "Ai Yaya, wannan ba wani a..."

"Faɗa wa wancan wa ya yi," in ji Inna daga tsakar gida, don ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ta fito ta nuna wa Lawal harshenta, wanda har lokacin bai gama komawa daidai ba.

Ranar Asabar Amatullah ta zauna a gaban jama'a da allonta mai furanni, ta karanta ba gargada. A cikin gida kuwa Inna ta ba kowace mace labari, kuma a kowace bayarwa rabonta a aikin yana ƙaruwa, na ɗanta yana raguwa. Kafin a gama rabon waina, duk Sandamu ta san cewa Inna Kande ce ta yi zayyanar.

Bayan damina gidaje biyu suka aiko da allunansu, sallama kuma da Inna aka yi. Sabiru ne yake zama a zaure da buroshi da kofin ruwa, yana koyon furen wake da na kabewa, ita kuma take karɓar godiya. Ya taɓa buɗe baki zai gyara zancen a majalisa, Lawal ya ce masa, "Mujiyar dai taka ce, mun shaida."

Allon rubutun Inna yanzu a ɗakinta yake kai mata da hannunsa, kuma sai ta shinshina shi kafin ta wanke.