Tarwadar Baba Na'Allah

Tun da ciwo ya kwantar da Baba Na'Allah abinci ya daina wuce maƙogwaronsa. A kawo kunu ya kau da kai, a kawo shayi ya ce a ɗauke. Abu ɗaya yake ambata: romon tarwadar kogi wadda aka kamo da fatsa, ba irin wadda ake kiwo a tankin siminti ba. Mutumin Yawuri ne, masunci ɗan masunta, da ya biyo kogin Kwara tun yana saurayi har ya yada zango a Anacha, kusa da gada. Yanzu idanun sun tafi, jikin ma yana bin su.

Ɗansa Zailani ɗan dako ne a tashar motar Upper Iweka. Ya san nauyin buhun albasa, amma ruwa bai san shi ba, don lokacin da tsohon ke kiransa kogi, tasha ce ta fi ɗaukar masa hankali. Duk da haka ya ciro tsohuwar fatsar daga ƙarƙashin gado, ya ajiye dako, ya koma bakin ruwa.

Shawara kam ya same ta har ta yi masa yawa. Awwalu mai shayi ya ce ya sa hanjin kaza da ya fara wari. Idrisu mai gyaran taya ya ce, "Kai, rabu da wannan, shi ko kifin gwangwani bai iya buɗewa ba. Sabulu za ka sa, ka ƙara darma ta nutse ƙasa." Wani mai kwalekwale ya nuna masa inda ruwa ke juyawa bayan wani dutse. Zailani ya bi kowace. Ya sa tana, ya sa gara, ya sauya wuri, ya zauna har rana ta ƙona masa ƙeya. Injinan masu ɗibar yashi suna ta ruri, ruwan ya koma kamar kunun da aka dama da ƙasa. Abin da fatsar ke jawo masa leda ce, sai wani lokaci tsohon silifa.

Kullum ya dawo, tsohon zai ɗago kai ya ce, "An samu?"

"Sai gobe, Baba, in Allah ya yarda."

Ranar da Bashira, matar Zailani, ta tare shi a ƙofa ta ce, "Baban Kamila, yau ko ruwa sai da na roƙe shi ya kurɓa," bai shiga ɗakin ba. Ya juya ya nufi kasuwa. Yana tafe yana gardama da zuciyarsa. Ƙarya haramun ce, ya sani. To ƙaryar da za ta sa uba ya buɗe baki ya ci abinci fa? Idan ya riƙe gaskiya tsohon ya mutu da yunwa, wa gaskiyar ta amfana? Yana cikin wannan tunani har ya tsaya gaban wata mata mai sayar da tarwadar kiwo a baho. Ya zaɓi tarwadar da ta fi rama, don ta yi kama da ta kogi. A wani lungu ya tsuguna, ya ɗauki ƙugiya ya soka mata a leɓe, ya zare, don ya san tsohon sai ya duba.

"Baba, an dace."

"Kawo ta nan kafin a sa mata wuƙa."

Zailani ya ɗora masa ita a tafin hannu. Yatsun da suka bushe suka bi bayanta, suka tsaya a ciki suka ɗan matsa, suka hau kan gashin bakin. Da babban yatsa ya sami hudar. Ya daɗe a wurin. Bashira na tsaye a bakin ƙofa da tukunya a hannu.

"Zailani."

"Na'am, Baba."

"Kifi haɗiyar ƙugiya yake yi. Daga cikin baki take hudowa ta fito waje. Kai daga waje ka soka."

Zailani ya fara magana, tsohon ya ɗan ɗaga hannu.

"Bar shi, Allah ya yi maka albarka. Ka dai je kogin?"

"Wallahi na je, Baba. Kullum."

"Har bayan dutsen nan?"

"Har can."

"Kuma ko taɓi babu?"

Nan ma da ƙarya za ta yi amfani. Zailani ya lalube ta bai same ta ba.

"Babu, Baba."

Tsohon ya karkata kai, kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Sannan ya miƙa kifin wajen da ya ji motsin Bashira.

"Ungo, 'yata, dafa wa Kamila."

"Baba, ko romon ne ka ɗan kurɓa," in ji ta.

Ya goge hannunsa a jikin zanen gado, ya juya fuskarsa ga bango.