Dafaffiyar Roba

Adukwei ta jefa hannu na huɗu cikin ruwan da ke tafasa, sannan ta duba agogon wayarta. Minti ashirin take buƙata, kuma da ƙyar za ta same su, domin Ciyaman ya ce ƙarfe tara zai zo ya ɗauke ta ita da motar.

"In sun nuna ki sam mini," in ji Anti Ashokor mai sayar da kenke, dafaffen ƙullin masara, wadda aka ari gefen murhunta. "Shekara talatin ina bakin wutar nan, ban taɓa ganin mai dafa roba ba sai ke. Da kifi ake ci ko da barkono zalla?"

"Anti, yau ba ni da bakin dariya."

"Na ga alama. Tun da kika zo kike leƙen titi kamar wadda ta ɗauko kayan mutane."

Ba abinci ba ne. Hannuwan motar rimot ne, baƙaƙen robobi huɗu masu tsawon yatsa, waɗanda ke riƙe tayoyi a jikin mota su bar su suna hawa da sauka. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san roba in ta bushe karyewa take yi, in kuwa ta sha ruwan zafi sai ta yi laushi, ta lanƙwasa ta dawo. Adukwei gyaran waya ne sana'arta, amma shekara uku ke nan tana gyara wa manyan mutane waɗannan motocin, har suka sa mata suna Injiniya. Maza ne masu tumbi da furfura, kuma kada ka kuskura ka ce musu abin wasan yara ne.

Teburinta yana barandar shagon tayoyi na Mista Odartey a unguwar Kaneshie, wanda kowa ke kira Ciyaman saboda shi ne shugaban ƙungiyar masu motocin rimot ɗin. Shi ya ba ta wurin, da inuwarsa da wutar lantarkinsa, kuma bai taɓa barin ta manta ba. Duk masu kawo mata waya nan suka sani. Tun watan jiya Ciyaman yake ambaton wani ƙanin matarsa da ke neman inda zai kasa caja da batura, yana faɗa yana kallon teburin.

Motar Ciyaman kusan kowace Asabar sai ta karya hannu, kuma kowace Asabar sai Dakta Agbeko, likitan haƙori, ya yi masa dariya. Abin ya ishe shi, ya yi odar hannuwan alminiyon daga waje, shuɗaye masu ƙyalli. Ranar Laraba ya ajiye mata su a kan tebur. Ta ce masa, "Ciyaman, waɗannan ba sa karyewa, shi ne matsalarsu. In mota ta faɗo dole wani abu ya sha dukan. In hannu ya ƙi sha, giyabos ne zai sha."

"Na tambaye ki?" ya ce, ya shige shago.

Ta ɗaura su ranar Alhamis. Ranar Juma'a ta zauna tana kallon siraran kunnuwan giyabos inda hannuwan ke maƙalewa, hankalinta ya ƙi kwanciya, ta kwance su. Lissafinta shi ne, in ta saka ƙarfen motar ta fashe, aikinta za a zarga. In ta saka dafaffiyar roba motar ta yi yini guda ba ta karye ba, zai huce. Lissafi ne mai kyau, sai dai ba ta saka halin Ciyaman a ciki ba.

Ta tsame hannuwan da cokalin Anti, ta ɗaura su da sauran ɗuminsu, ta rufe motar da gangar jikinta, ta tura cikin jaka. Tana zuge jakar ya danna hon.

"An gama?" ya tambaya ta taga.

"An gama, Ciyaman."

Ta so ta faɗa masa a hanya. Sau biyu tana buɗe baki, sau biyu wayarsa na ƙara. Tsoro take ji, kuma ta san tsoro ne. Suna isa filin da ke bayan rumbunan ajiya a hanyar Tema, ta tarar mutane sun fi na kullum, domin sati biyu Ciyaman yana yi musu waƙar sababbin hannuwansa. An gyara tudun jar ƙasar da ake tsalle a kai, an ƙara masa tsayi.

Ciyaman ya ciro motar da kansa ya ɗora a bayan a-kori-kurar Dakta. Dakta ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya leƙa bayan taya.

"Ciyaman, ko idona ne? Ina shuɗin? Ni baƙi nake gani."

Wani ya yi dariya. Ciyaman ya juya motar ya duba, ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago, muryarsa ƙasa-ƙasa take, wanda ya fi tsawa muni.

"Adukwei, ina kayana?"

"Suna nan, Ciyaman."

"Ko an riga an kai su kasuwa?"

Maganar ta soke ta. Ta zazzage jakarta a gaban kowa, hannuwan huɗu suka zubo suna ƙyalli. Da ta tsaya nan, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma an kira ta ɓarauniya, kuma bakinta ya riga hankalinta.

"Na gaya maka tun Laraba. Roba in ta sha duka tana lanƙwasawa ta dawo, in ta karye minti goma an canza. Wannan ƙarfen zai kai dukan cikin giyabos. Na dafa robar da safen nan, ba za ta karye kamar da ba. Motarka nake karewa."

"Dafawa?" wani ya ce daga baya. "Ciyaman, ashe miya aka yi maka."

"Gaskiya ta faɗa," in ji Dakta. "Ni ma tawa dafaffiya ce, ita ta dafa. Injiniya ta san aikinta."

Dakta da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ko maƙiyinta ba zai yi mata ɓarnar da ta kai wannan ba. Ciyaman ya dubi Dakta, ya dubi mutanen da ke murmushi, sannan ya dawo kanta.

"Ki saka su. Yanzu, a nan. In ba haka ba, Litinin ki zo da mai kura ki kwashe teburinki."

Ba wanda ya sake dariya. Adukwei ta ɗauko sukundireba ta fara kwancewa. Rana ta riga ta yi zafi, ƙarfen bayan motar yana ƙona mata gwiwar hannu, gumi yana shiga idonta. Wani ƙaramin noti ya suɓuce ya faɗa ƙasa, ta durƙusa tana laluben sa tsakanin takalman mutane, ba wanda ya matsa. Ta ɗaure kowane noti, ta sake bi ta ɗaure, ta ɗiga musu gam ɗin da ke hana su warwarewa. In abin zai faru, ba ta son a ce daga hannunta ne. Rabin awa ta ɗauka.

Kuma maganar gaskiya, motar ta yi kyau. Har waɗanda suka yi dariya suka matso suna ɗaukar hoto.

Ciyaman ya tsaya a kan bencin da masu tuƙa motocin ke hawa, rimot a kan tumbinsa. Motar ta zabura, ta haye tudun, ta tashi sama da tsayin mutum, ta sauka a kan ƙafa huɗu ta wuce. Aka yi tafi.

"Injiniya, kina gani?" ya ce ba tare da ya waiwayo ba.

Karo na biyu ya ƙara gudu. Ta sauka da ɗan karkace, ta gyara, ta wuce. A nan ne Adukwei ta kama kanta tana roƙo a zuci cewa abin ya fashe, kuma ta ji kunyar kanta. Sai ta juya roƙon, ta ce kada ya fashe, a yi mata dariya ta koma teburinta lafiya. Ba ta san wanne take so ba.

"Ya isa haka, Ciyaman, ka nuna mana," in ji Dakta.

"Ban fara ba tukuna."

Ya ja motar har ƙarshen fili, ya sake ta gaba ɗaya. Ta tashi fiye da ko yaushe, hancinta ya sunkuya a sama, ta sauko da duk nauyinta a kan tayar gaba ta hagu. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen ƙashin kifi. Motar ta yi zagaye ɗaya tana jan ƙafa, ta tsaya.

Dakta ne ya je ya ɗauko ta ya ajiye a gaban Adukwei. Ta cire gangar jikin. Shuɗin hannun yana nan lafiya lau, ko lanƙwasa bai yi ba. Kunnen giyabos ne ya tsage har ciki, man giya yana tsiyaya a kan yatsunta. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san abin da yake gani.

Ciyaman ya sauko daga benci a hankali. Ya tsaya a kanta.

"Me ya faru?"

Amsar tana kan harshenta, kuma kwana uku tana jiran faɗin ta. Ta ɗago ta dube shi. Ta zaci fushi za ta gani, amma ba shi ba ne. Dattijo ne mai shekara sittin da ɗoriya, gumi a goshinsa, wayoyi uku suna ɗaukar sa, yana jiran yarinyar barandarsa ta kunyata shi. Ta san in ta faɗi gaskiya kowa zai gyaɗa kai, kuma ta san mutumin da aka gyaɗa wa kai haka ba zai iya ganin ta a ƙofar shagonsa kowace safiya ba.

"Laifina ne, Ciyaman," ta ce. "Na yi sauri, ban ɗaure notin hagu ba. Shi ya yi sako-sako har giyabos ɗin ya fashe."

Dakta ya miƙa hannu ya ɗauki sukundirebanta, ya sa a kan notin, ya gwada. Ko motsi bai yi ba. Ya dube ta ta saman tabarau, ta kau da kai. Ya ajiye sukundireban.

"Kun ji ko?" in ji Ciyaman, muryarsa ta dawo cikakkiya. "Kayan ba su da laifi. Ku duba, ko ƙwarzane babu. Aikin gaggawa ne." Ya dafa kafaɗarta. "Ba komai, 'yata, kowa na kuskure. Na yafe miki."

"Da ta bar girkin ta kula da noti, da ba haka ba," wani ya ce, aka yi dariyar da ta saki kowa.

Mutum biyu sun zo da motocinsu a jaka don su ba ta gyara. Tana tattara kayanta ta ga ɗaya ya mayar da tasa cikin but ɗin motar da ya zo da ita, ɗayan ya ce mata sai wani satin. Da za a watse, Dakta kaɗai ya kira ta Injiniya, shi ma a hankali.

A hanyar komawa ta zauna a baya, fasasshiyar motar a cinyarta a kan tsumma. Baƙin ciki ya cika ta, ba na Ciyaman ba, na bakinta da ya faɗi abin da hannunta bai yi ba. Ciyaman bai kunna rediyo ba, wayarsa ta yi ƙara har ta gaji bai ɗauka ba. Sai da cunkoso ya tsayar da su kusa da Teshie ya yi gyaran murya.

"Wannan yaron, ƙanin madam. Na ce masa ya nemi wuri a can unguwar Circle."

"Na gode, Ciyaman."

"Giyabos ɗin ana samu?"

"Ina da tsoho ɗaya da na cire daga wata."

Ya gyaɗa kai. Motocin gaba suka matsa kaɗan, suka sake tsayawa. Yana kallon titi ya ce, "Waɗancan da kika dafa, ba ki zubar ba?"

"Suna jaka."

"Ki mayar da su. Amma ki shafa musu shuɗin fenti."

Adukwei ta dubi ƙeyarsa. "Fenti ba ya zama a kansu, Ciyaman. Lanƙwasawa suke yi. Tsalle ɗaya zai ɓare, kowa ya gani."

Ya daɗe yana buga sitiyari da yatsa. Mai tallan ruwa ta zo taga, ya kore ta da hannu.

"Ke ce Injiniya," ya ce. "Ki nemo wanda zai zauna. Kina da har Asabar."