Ciyawar Farfesa Halvorsen

Saura layi biyu Orval ya gama yanke ciyawar maƙwabciyarsu Farfesa da inji, sai ga matarsa Nadine ta fito da sauri, hannunta duk garin fulawa.

"Orval, kashe injin nan. Me ka aikata?"

Ya kashe, ya share gumi. "Gobe za a sallamo Farfesa daga asibiti. So kike ta tarar da ƙofar gidanta kamar kango?"

"Kangon me? Shekara ashirin matar nan tana renon ciyawarta."

Ya sha jin haka, bai dai taɓa yarda ba. A ganinsa rashin mai yanke mata ne, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. A garinsu in maƙwabci ya kwanta ciwo ba a tambaya, mata su kai abinci, maza su yanke ciyawa. Yanzu ga tumfafiyar Farfesa kwance birjik, farin ruwanta ya ɓata masa takalmi.

A nan Nadine ta gaya masa abin da bai sani ba. Likitoci sun gama nasu, gida za ta dawo ta ƙarasa kwanakinta. Abu ɗaya ta roƙa: a sa gadonta jikin taga, ta ga malam-buɗe-littafi sun sauka kan tumfafiyarta kamar kowace shekara.

Washegari ya shiga wurin Farfesa, hula a hannu. Tsohuwar ta rame ƙwarai, idonta na kan filin da aka aske ƙwal.

"Ni ne, Farfesa."

"Na sani. Wa ke jan layi a miƙe haka in ba kai ba? Zauna, ka tsaya min a ka kamar ɗalibin da bai yi aikinsa ba."

Ya zauna a bakin kujera.

"Shekara talatin ina koya wa ɗaliban adabi cewa daji da gida mu muka raba su da bakinmu, ƙasa ba ta san da iyakar ba. Littafi uku na rubuta a kai. Ashe maƙwabcina ko ɗaya bai buɗe ba."

"Na gwada na farkon. Shafi huɗu."

"Ka fi wasu abokan aikina ƙoƙari." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Tumfafiyar za ta sake fitowa?"

"Saiwarta ta fi tsawonka, za ta fito. Ni ce dai ba lallai in gani ba." Ta juyo ta dube shi. "Amma tun rasuwar mijina ba wanda ya yi min aiki ban roƙa ba. Na gode, Orval. Da gaske nake."

Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Me zan yi yanzu?"

Ta nuna ƙofar gidansa da haɓa. "Kowace kaka iska na kai maka 'ya'yan tumfafiyata, kai kuma kowace Asabar kana aske su. Ka ba su hutu."

Mutumin da tun aurensa bai tsallake Asabar ba, sai ga shi ya lulluɓe injinsa da tamfol. Maƙwabta suka yi ta tsokana, wai ko ya shiga jami'a ne. Ko a jikinsa. Kullum da safe yana durƙushe gaban tumfafiyar da ta tsiro a ƙofar gidansa, yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya.

A rana ta sha shida ya tsallako riƙe da ganye a tafinsa, da 'yar tsutsa mai ratsin fari da baƙi da rawaya tana ci abinta, irin wadda ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi.

"Ga baƙuwarki, Farfesa. A gidana ta sauka."

Ta daɗe tana kallonta. "Maza mayar da ita, kar ta ji yunwa."

Kwana uku bayan nan ta rasu, da hantsi, Nadine na riƙe da hannunta.

Asabar ɗin ƙarshen wata injunan yankan ciyawa na maƙwabta suka cika layin da ƙara. Orval na zaune a matakalar gidansa, ciyawa ta kusa gwiwa, kofinsa ya huce. Malam-buɗe-littafi ɗaya ya sauka kan tumfafiyar da ke gefen ƙafarsa, shi kuwa bai motsa ba.