Gumbar Gwaggo Uwale

Da hantsin ranar Laraba Majo Tanimu, shugabanmu a asibiti, ya kira ni gefe ya ce gwajin Mainassara, wani mutumin unguwarmu, ya fito, kwalara ce. Ban zauna ba. Matar Mainassara, Hamdiya, ta rasu a gida kwana uku da suka wuce bayan ta dawo daga kasuwar Kornaka, aka ce zawo ne. Wadda ta yi mata wanka kuwa Gwaggona ce Uwale, yayar mahaifina, wadda ta goya ni. Kuma ran nan ne sadakar uku.

Na san abin da ake yi ranar uku a unguwarmu. Gumba ake dakawa, ɗanyen gero da sukari, ba ta ganin wuta, a cura da hannu a raba wa kowa. Shekara talatin ba wadda ke cura gumbar sadaka sai Gwaggo.

Na ɗauki sabulu da jarkar ruwan jabel, wanda muke kashe ƙwayoyin cuta da shi, na hau babur. Na tarar da tsakar gidan makokin cike da mata, an sauke turmi, garin yana cikin babbar ƙwarya. Gwaggo na zaune kan kujera 'yar tsugunno, hannunta har wuya a cikin gumba. Ta riga ta jera curi shida a faifai.

Na durƙusa na ce, "Ina kwana Gwaggo?"

"Lahiya lau, Ramla."

Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan. Ko a amalanke aka kawo mutum, ka gaishe shi, lafiya lau zai ce maka. Ni kuwa aikina ya koya mini duban ido da leɓe. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, butarta kuma na nan kusa da ƙafarta, jiƙe, ga sawun ruwa ya miƙe zuwa bayan gida.

Na rage murya na ce, "Gwaggo, a dakata da rabon nan. Ciwon da ya kashe Hamdiya ana ɗauka, ta hannu yake bi ya shiga baki."

Ta ɗaga murya don kowa ya ji. "Ku ji min ɗiya! Ni za ki koya ma tsabta? Na yi wanka, na yi alwala. Ina da tsarki."

"Alwalarki na nan, Gwaggo. Amma ƙwayar nan sai sabulu da jabel."

"To ni lahiyata ƙalau. Mai lahiya ba ta sa ma kowa ciwo."

Wannan ma ba haka yake ba, amma ba lokacin darasi ba ne. Mata suka fara gunaguni. Wata ta ce aikin likita ya sa na raina manya. Ƙanwar marigayiya, da goyo a bayanta, ta matso ta miƙa hannu za ta ɗauki faifan ta fara rabo. Na dafe faifan da gwiwata. Na san in na kifar da abincin sadaka a gaban jama'a ba wanda zai ƙara saurarena a unguwar, kuma za su sake daka wata, ita dai za ta cura. Dole sai Gwaggo ta faɗa da bakinta, ita kuwa gara ta mutu da ta ce tana zawo a gaban matan unguwa.

Sai na sassauta. Na saki fuska, na gyara mata kallabi kamar na haƙura. Na ce a hankali, yadda muke ce wa majinyata kowace safiya, "Sannu Gwaggo. Ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji ta.

Matan suka dubi juna. Kowa ya sani, mai lafiya in aka ce masa ya jiki, cewa yake jikin wa. Bakinta ne ya riga ta. Ta dube ni, ta dubi hannayenta. Wallahi tausayinta ya kama ni, sai na ji kamar ni na tuɓe mata zane a kasuwa.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun asuba. Sau biyar."

Ƙanwar marigayiya ta janye hannunta ta ɓoye cikin mayafi. Na tambaya ko akwai wadda ta ɗanɗana, aka ce babu, ana jiran malam ya yi addu'a. Gwaggo da kanta ta ce a gina rami a bayan gida. Muka zuba gumbar, na kwarara mata jabel, muka rufe. Na sa aka wanke ƙwarya da turmi da moɗa, aka zubar da ruwan randa, matan suka yi layi ina zuba musu ruwa suna cuɗa sabulu. Sadakar ran nan da dabino aka yi ta.

Kafin azahar Gwaggo ba ta iya tsayuwa, muka kai ta asibiti. Jijiyarta ta ɓuya, sai a karo na uku na samu na sa mata ƙarin ruwa. Leda takwas ta sha. Kwana biyu ba ta ce mini uffan ba, in na zo sai ta juya fuska bango. Daga gidan makokin ba a kawo mana kowa da ciwon ba.

Ranar Asabar da safe na shigo da kofin ruwan gishiri da sukari, na same ta zaune tana ɗaura kallabi. Na tsaya daga nesa na ce, "Sannu Gwaggo. Ya jikin?"

Ta harare ni sama da ƙasa.

"Jikin wa?"