Ruwan Hoda a Bakin Taga

Allura ake ce mata tun a gida, don siririya ce kuma babu abin da ke wuce idonta. Sunan ya biyo ta har jami'ar da take karatun kimiyyar sinadarai, tafiyar kwana biyu daga ƙofar gidansu. Shekara biyu ke nan ba ta leƙa gida ba. Ɗakinta na hawa na uku, gado biyu, tebur ɗaya da risho ɗaya, su ma raba su take yi da abokiyar karatunta, Doguwa. Tun ana sauran wata guda a yi hutu ta sauko da akwatinta daga saman kabad, ta goge shi fes, ta ajiye a gindin gado.

Abu ɗaya ya tsaya tsakaninta da tashar mota, shi ne jarrabawar ɗakin gwaji. Dokar Farfesan da ke koyar da su a fili take: duk wanda ya faɗi, hutunsa ya bi ruwa, nan zai zauna ya maimaita. Shi kuwa Farfesan ba a taɓa ganin haƙoransa ba, har ɗalibai na gardamar ko yana da su.

Aikin a baki ba wuya. An ba kowa kwalba mai ruwan asid, fari tas kamar na sha. Sai ka riƙa ɗiga masa wani ruwan daga dogon bututun gilashi mai lambobi, ɗigo bayan ɗigo, kana jujjuya kwalbar. Da zarar ruwan ya ɗan sauya zuwa ruwan hoda, ka tsaya cak, ka rubuta lambar da ka kai. Wannan lambar ita ce jarrabawar gaba ɗaya.

Allura na cikin ɗigawa sai ta ji ranta bai kwanta da hasken ɗakin ba. Sababbin fitilu ne aka sa a farkon zangon, masu haske ɗorawa-ɗorawa. Ita kuwa 'yar tela ce. Tun tana 'yar shekara bakwai babanta kan miƙa mata ƙyalle da zare ya ce, "Kada ki yarda da fitilar shago, fita waje ki gwada mini su." Ta sha dawowa ta ce masa zaren da suka ɗauka ya dace ashe ya fi yadin duhu. Don haka ba tare da wani dogon tunani ba ta riƙa ɗaukar kwalbarta tana kai ta bakin taga, ta duba, ta dawo ta ƙara ɗigo. 'Yan ajin na ta kallonta suna ƙunshe dariya.

Sau uku ta yi, sau ukun ashirin da biyu ta samu.

"Nawa kika samu?" in ji Doguwa cikin raɗa.

Ta gaya mata. Doguwa ta zaro ido. "Ke! Kowa ashirin da uku ya samu. Mu goma sha ɗaya fa! Gyara ki rubuta uku, mu tafi gida lafiya."

"Ni ba uku na gani ba."

"To wa ya tambaye ki abin da kika gani? Allura, taurin kan nan naki zai cinye miki hutu."

Ta san Doguwa ba mugunta take nufi ba. Ta ɗauki biro. Sai dai hannun ya ƙi rubuta abin da ido bai gani ba. Ta rubuta ashirin da biyu ta miƙa takardarta.

Bayan kwana biyu aka manna sakamako a allo. Sunanta kaɗai ne a ƙasan jan layi. Ta koma ɗaki ta zauna a kan akwatin ta yi kuka mai isarta, Doguwa na tsaye a kanta da kofin shayi. Da kukan ya ƙare sai haushi ya maye gurbinsa. Ta wanke fuska, ta sa farar rigar gwajinta, ta nufi ofishin Farfesa da rana tsaka.

"Ranka ya daɗe, ba roƙo na zo ba. Ina so in sake aikin a gabanka."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Mai kula da ɗakin gwaji da kansa ya auna ruwan nan a makon jiya, ashirin da uku ya samu. Shekararsa ashirin yana wannan aiki. Kin fi shi sani ne?"

"Ban fi shi ba. Amma a ƙarƙashin sababbin fitilun ya auna."

Farfesa ya miƙe ya ɗauki makullansa.

A ɗakin gwajin ta ɗiga har ashirin da biyu ta rufe famfon bututun. Ruwan yana nan fari a kan tebur. Farfesa ya ɗage kafaɗa. Sai ta ɗauki kwalbar, ta ce ya biyo ta, ta ɗaga ta a bakin taga, farar takarda a bayanta. Ga ruwan hoda nan, siriri, amma babu mai musunsa. Ya karɓi kwalbar ya koma tebur, ya dawo taga, ya sake komawa, yana yin daidai abin da aka yi mata dariya a kai. Daga nan ya aika aka kawo na'urar awo daga ofishinsa. Na'ura ba ta san fitila ba, ashirin da biyu ta nuna.

Mai kula da ɗakin, dattijo mai sanƙo, ya dafe kai yana salati. Farfesa kuwa, abin da ba a taɓa gani ba, ya yi dariya, kuma haƙoransa cif suke. Ya zare biro ya soke jan layin, ya ce kafin a dawo hutu a cire fitilun nan kaf. 'Yan ajin ma ba wanda zai faɗi, tun da laifin ba nasu ba ne.

"Wane malami ne ya koya miki wannan?" in ji Farfesa.

"Babana. Tela ne," ta ce, kanta a sama.

Tana fitowa ta zauna a kan matakala ta kira gida. Ta ji ƙarar keken ɗinki kafin ta ji muryarsa.

"Baba, ran Asabar ina hanya."

"Alhamdulillahi! An ci jarrabawar ke nan?"

"An ci. Kuma kai ka ci ta." Ta kwashe labarin duka ta gaya masa, har da Farfesa yana safa da marwa da kwalba a hannu.

Keken ya tsaya. Can ta ji ya ture kujera, ya fita ƙofar shago, bai ko tuna ya kashe wayar ba, yana ƙwala wa maƙwabcinsa mai gyaran takalmi kira da wata murya da ba ta san shi da ita ba.

"Ajiye takalmin nan ka zo! Zo ka ji abin da na koya wa Farfesa!"