Mangwaro Biyar a Layin Kanikawa

Wanda ya zana taswirar dashen bishiyoyin unguwar bai taɓa taka layin kanikawa ba, wannan kam ko rantsuwa sai a yi. Daga ofis ya duba hoton unguwar, ya ga titi fayau babu inuwa, ya ɗiga ɗigo ashirin a gefensa. Kowane ɗigo rami ne, kowane rami da lambarsa. Ƙungiyar da ta ba da tallafin ta aiko da dashen mangwaro ashirin, ta ce bayan shekara biyu za a zo duba aiki.

Gwaggo mai ɗinki aka ɗora wa ban ruwa, saboda shagonta na bakin layin, kuma ɗan ƙaninta ne sakataren kwamitin unguwa, ba ta iya ce masa a'a. Ta yi iya yinta, bokiti biyu da safe, biyu da yamma, har ƙugunta ya fara ƙara. Amma ƙasar layin ta sha baƙin mai shekara da shekaru, ko taƙi ɗaya ka haƙa sai warin gareji ya buge ka. Cikin wata huɗu goma sha biyar suka bushe.

Biyar ɗin da suka rage Gwaggo ta tone su ba tare da ta shawarci kowa ba, ta kai su bayan famfon unguwa, inda rarar ruwa ke malala kullum. Nan fa suka ce ga wurin zama. Kafin shekara biyu sun wuce tsayinta, masu jiran layin ruwa har sun fara rigimar wa zai tsaya a inuwar babbar cikinsu. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba ta son a riƙa ce mata 'ya'yanta ne, amma ta san adadin rassan kowacce.

Saura kwana uku a zo duba aiki, sakatare ya shigo shagon ya tsuguna ya gaishe ta, gaisuwa mai tsawo irin ta mai buƙata.

"Gwaggo, bishiyoyin nan sai an mayar da su ramukansu."

Ta tsayar da keken ɗinki. "Waɗanne ramuka?"

"Na taswira. Wayar mai dubawa ba ta karɓar hoto sai a daidai inda lambar take. In ta zo ta tarar da ashirin babu ko ɗaya, an cire unguwarmu daga tsarin ke nan, har gyaran magudanar ruwan da suka yi mana alkawari."

"To a kai ta bayan famfo mana, ta gani da idonta."

"Idonta ba ya cikin takarda, Gwaggo. Kwana biyu ne kawai, tana tafiya mu dawo miki da su."

Ta san ba ƙarya yake yi ba, ta kuma san yadda magudanar ke cika ɗakunan mutane da ruwa duk damina. Da ta ga matasan kwamiti sun ɗauko diga suna wasa da dariya, sai ta karɓi aikin da kanta, don gara hannun da ya san su. Yini guda ta yi tana zagaya kowacce, tana naɗe saiwa da jiƙaƙƙen buhu. Uwar saiwar babbar ta yi nisa ƙwarai, dole aka sa adda. Gwaggo ta ji saran nan har cikin ranta.

Mai dubawa ta zo ranar Laraba, mace mai fara'a da ladabi, har durƙusawa ta yi ta gaida Gwaggo. Ta ɗauki hoton kowace bishiya, wayar ta karɓa. Ta ce biyar cikin ashirin ba laifi, wasu unguwannin ko tsinke ba ta samu ba, kuma ba ta taɓa ganin mangwaro ya yi irin wannan girma a bakin gareji ba. Sakatare ya ce ai kula ce. Don jin daɗi, nan take ta buga waya ofis, ta sa a aiko da kejin ƙarfe guda biyar, kyauta, saboda awaki.

Washegari da hantsi magina suka iso. Suka kewaye kowace bishiya da keji, suka kafe ƙafafunsa da siminti, suka liƙa lamba. Gwaggo na tsaye a ƙofar shago da jiƙaƙƙun buhunanta, tun asuba ta shirya mayar da su. Ta dubi sakatare, shi kuma ya sami abin dubawa a wayarsa.

Ba ta fasa ban ruwa ba. Ta ƙara bokiti, ta ɗebo ƙasa daga bayan famfo tana zurawa ta ramukan kejin da ludayi. Ganyen ya fara lanƙwashewa a mako na biyu, a na huɗu ya yi ja, ya zube. Babbar ce ta fi daɗewa, ita ma ta bi su. Baƙin ciki ya hana Gwaggo ɗinki, sai ta zauna ta tasa keken a gaba har azahar ba ta taka shi ba.

A haka sakatare ya same ta wata safiya, da takarda a hannu, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Gwaggo, rahoto ya fito. Mun ci."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Za a gyara magudanar. Kuma sun ƙara mana dashe arba'in." Ya naɗe gefen takardar da yatsa. "Duka a layin nan za a sa su. Sun ce tunda an tabbatar mangwaro na yi a nan."